Ranar da Na Kai Sarauniyar Masar Bakin Wuta

A duk shekarun da na yi ina aiki a Madina, akwai wata safiyar Alhamis da ban taɓa mantawa da ita ba, cikin watan Sha'aban, wajen ƙarshen shekarun casa'in. Ku da kuka gaje mu a wannan aiki kun sha jin an ambaci labarin sama-sama, wasu ma sun ƙara masa gishiri. Gara ku ji shi daga bakin wanda ya yi ɓarnar.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin ofishin rubutu da fassara a unguwar Ƙiblatain. Mu huɗu ne. Akwai mudir, wato shugaban ofis, Ustaz Hamza, haifaffen Madina, wanda kakansa ya zo aikin hajji a ƙafa daga ƙasar Katsina bai koma ba. Hausarsa tana nan, amma rabinta Larabci ne. Akwai wani mutumin Sudan mai buga takardu a na'ura. Akwai farrash, mai shara da haɗa shayi, Baba Adamu, dattijo daga Cadi. Sai ni, Nuhu, mutumin Haɗeja, mai fassara. Yawancin aikinmu wasiƙu ne da takardun asibiti da ƙananan littattafan alhazai. Amma abin da ya sa aka ɗauke ni shi ne Ajami, domin da shi na buɗe ido a gaban mahaifina, kuma tsofaffi da yawa a garin ba su san wani rubutu na Hausa ba sai shi.

Ƙa'idar karɓar rubutun hannu a wurinmu ba ta da wuya. Mai shi zai zauna, ka ƙirga warƙoƙin ɗaya bayan ɗaya a gabansa, ka rubuta adadin da sunansa a jikin ambulan, ka sa a kabad ɗin ƙarfe, ka kulle, ka miƙa wa mudir makulli. Ba a kwana da rubutun mutum a waje. Ni da kaina na koya wa mutumin Sudan wannan.

Wata biyu kafin ranar da nake ba ku labari, wata tsohuwa ta shigo ofis tana dogara sanda, ɗan ƙaninta yana riƙe mata gafaka. Sunanta Hajiya Zainabu, amma a unguwar Sih inda take zaune kowa Ta-Masar yake ce mata, saboda ta yi zama a kudancin Masar tana matashiya, lokacin da mijinta ya tsaya aikin gonar rake a kan hanyarsu ta zuwa nan. Ɗan ƙanin nata, Lawan, magidanci ne daga Kano, yana cikin masu shirya finafinan Hausa na bidiyo da suka fara tashe a lokacin. Umra ta kawo shi.

Lawan ne ya yi bayani. Ya ce goggonsa ta shekara talatin tana rubuta labarin wata sarauniya ta Masar ta zamanin Fir'aunoni, wadda mijinta ya mutu ya bar magaji ƙarami, ta riƙe masa mulki, daga baya ta hau kujerar da kanta har tana ɗaura gemun sarauta kamar namiji. Shi yana son ya mai da labarin fim, amma ba ya iya karanta Ajami. Yana so a juya shi zuwa boko kafin ya dawo da azumi.

Ustaz Hamza ya ce, "Ɗayyib. Amma ya Lawan, kogin Nilu fa? A Kano za ku haƙa shi?"

"Muna da Tiga, Ustaz. In aka iya ajiye kyamara, ruwa ruwa ne."

"Gemun kuma?"

"Shi ne nake ta roƙon Goggo ta bar mini. Wace 'yar wasa ce za ta yarda a liƙa mata gemu, gobe ta shiga kasuwar Kwari?"

Hajiya ta buga sandarta a ƙasa sau ɗaya. Ta ce, "In ka cire gemun, ka cire ni. Da idona na gan shi a jikin dutse, kai ko ubanka ba a yi wa kaciya ba."

Aka yi dariya, ban da ni. Ni tun da na ji an ce Fir'auna zuciyata ta tsaya. Na ce a raina, a garin Manzo, kusa da masallacin da aka juya alƙibla, ni zan zauna in ɓata tawada a kan mutanen da aka halaka? Ban faɗa ba. Hajiya dai ta lura, domin da ta miƙo mini littafin cikin tadarishinsa na fata, ɗaure da tsirkiya, sai ta ƙi saki nan da nan.

"Malam, shi ke nan gare ni. Babu wani."

Na ce, "In sha Allah, Hajiya." La'asar ta gabato, sai na fake da ita na ce ƙirga sai gobe. Ustaz ya riga ya fita raka Lawan, bai ji ba.

Da suka tafi na rasa inda zan ajiye shi. A kan teburina akwai littafin addu'o'in alhazai da nake gyarawa. A cikin kabad akwai wani littafin fiƙihu da wani dattijo ya kwafa da hannunsa. Mu da muka tashi a zaure, an hore mu a kan abin da ake ɗorawa a kan wani da abin da ba a haɗawa wuri ɗaya. Na ga bai kamata labarin gidan Fir'auna ya kwana jikin waɗannan ba. Sai na shiga ɗakin ajiya na baya, na ga wani kwali babu komai a ciki, na sa shi a nan, na ja ƙofa. Na fito ina jin na yi abin kirki.

Gobe ta zo ban ƙirga ba. Mako ya wuce. Duk ranar da Ustaz ya tambaya, sai in ce ina kan littafin alhazai. Da na gama shi na nemo wani aikin. Ɗakin ajiya kuwa ko leƙa shi ban ƙara yi ba.

Ga abin da ban duba ba. Kun san duk takardar da ke da sunan Allah ba a jefa ta kwandon shara. A ofis irin namu, inda kowace wasiƙa da Bisimilla take farawa, takardun da suka lalace suna da yawa. Baba Adamu yana tara su a kwali guda, idan ya cika ya kai wa wani dattijo a Jurf, Alhaji Barau, mai lambun dabino, wanda ya ɗauki ƙona irin waɗannan takardu da binne tokarsu a matsayin aikinsa na neman lada. Kwalin da na samu babu komai, shi ne wannan. Baba Adamu ya juye shi a makon, rubutun da ke jikinsa kuma yana fuskantar bango.

Ranar Alhamis ɗin, da hantsi, Hajiya ta bugo waya ofis. Ta ce Lawan ya aiko da saƙo zai iso kafin a ga wata, tana so ta ji inda aka kai. Na ce mata ana nan ana yi. Da na ajiye wayar kunya ta kama ni, na ce yau dai in buɗe shi. Na shiga ɗakin ajiya. Gurbin kwalin ne kawai a ƙasa, ƙura ta zana shi.

Na sami Baba Adamu yana wanke kofuna. "Baba, kwalin da ke ciki fa?"

"Na kai jiya bayan la'asar. Ya cika."

"Akwai littafi a ƙasansa, mai tadarishi."

"Na gani. Na ce masha Allah, wani ya kawo tsohon mushafi. Har na sumbace shi."

Ban tsaya ba shi amsa ba. Na shiga wurin Ustaz Hamza na faɗa masa komai a tsaye, tun daga ƙirgar da ban yi ba. Ya kalle ni, ya ɗauki makullin motarsa.

"Alhaji Barau ranar Alhamis yake ƙonawa. Yalla. Faɗa sai mun dawo."

Daga Ƙiblatain zuwa Jurf ba nisa, amma ban taɓa ganin hanya mai tsawonta ba. Tun daga bakin lambun muka hango hayaƙi siriri yana tashi tsakanin dabinai.

Alhaji Barau mutumin Damagaram ne, ya haura tamanin. Mun same shi zaune a kan kujerar katako, gabansa wani duro mai tsabta da wuta a ciki, gefensa babbar tabarma an juye kwalaye huɗu ko biyar a kanta, na ofishinmu da na wasu masallatai. Tadarishin Hajiya yana rataye a jikin dabino, babu komai cikinsa, domin fata ba a ƙona ta. Warƙoƙin sun zame sun shiga cikin sauran takardu.

Na yi sallama ina haki, na ce ya dakata. Ya dube ni a natse, damƙin takarda a hannunsa.

"Kai ɗan nan, wa ya mutu?"

Na leƙa duron. A saman tokar akwai warƙoƙi da suka naɗe suka yi baƙi, ina iya ganin sahun rubutu yana sheƙi a jikinsu. Na miƙa hannu, suka ruguje.

Allah Ya taimake ni da halin wannan dattijo. Ba ya juye kwali a wuta. Da alwala yake zama, ya ɗebi damƙi ɗaya, ya yi addu'a, ya sa, ya jira ta cinye sarai don kada iska ta ɗauki guntun aya ta kai inda ake takawa, sa'an nan ya ɗebi wani. Tun fitowar rana yake wurin, amma abin da ya ƙona bai kai rabin kwali ba.

Ustaz Hamza ya durƙusa ya yi masa bayani. Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To me ke cikin littafin? Na ga rubutun irin na gida, har ya tuna mini hannun babana."

Ustaz ya dube ni. Na ce, "Labarin wata sarauniya ce, Baba. Ta gidan Fir'auna."

Dattijon ya dubi hannunsa, ya dubi butarsa. "Ashe yau matar Fir'auna na yi wa alwala." Ya yi dariya har tari ya kama shi. "To ku kwashe abarku. Abin da ya shiga dai ya shiga, tokarsa kuma tare da sauran zan binne, ba ni da rariyar da zan tace."

Muka zauna a tabarmar har azahar muna tsince. Gane nata bai yi wuya ba, tawadarta irin ta gida ce mai ruwan ƙasa, wasullan da ja. Takardun ne kala-kala, wasu na littafin makaranta, wasu bayan takardar asibiti, wasu sun tsufa har sun yi laushi kamar tsumma. Muka cika jaka muka koma.

A mota Ustaz ya tambaye ni, "Kam warƙa? Nawa suka ɓata?"

Na ce ban sani ba.

"Da ka ƙirga da ka sani." Wannan maganar ta fi duk wani faɗa yi mini zafi.

Rubutun Ajami irin na da ba a sa masa lambar shafi. A ƙasan kowace warƙa marubuci yakan rubuta kalmar farko ta warƙar da ke biye, kamar yadda raƙumi ke ɗaure da wutsiyar na gabansa. Da haka na shiga jera su a ɗakin ajiya, ranar Alhamis da yamma, Juma'a bayan masallaci, Asabar yini guda. Kalma ɗaya takan fara warƙoƙi goma, don haka dole in karanta in ga wadda maganarta ta haɗu. Littafin da na yi wata biyu ina gudu, sai ga ni ina bin sa layi-layi.

Ban sami abin da nake tsoro a ciki ba. Mace na samu, mai ciwon haƙori, mai faɗa da masu dafa abinci da irin bakin matan Kano, wadda fadawa ke yi wa biyayya da rana su yi mata dariya a bayan ginshiƙi. Ta aika jiragen ruwa ƙasa mai nisa a kawo mata itatuwan turare da saiwarsu, ta shekara tana tsoron kada su bushe. Gemun nan yana ƙaiƙayinta, tana cire shi da zarar ta shiga ɗaki. Na kama kaina ina yi mata fatan jiragen su dawo lafiya, na yi istigfari, na ci gaba da karatu.

Da yammacin Asabar igiyar ta haɗu daga farko har ƙarshe, sai wuri ɗaya. A wata warƙa 'yar sarauniya, wadda Hajiya ke kira Gimbiya, tana kwance da zazzaɓi, uwar ta tsaya bakin ƙofa tana kwance gemu za ta shiga. Warƙar da ke biye babu ita. Inda labarin ya ci gaba, sarauniya tana tsaye cikin magina, kwana arba'in ba ta yi wa kowa magana ba. Abin da ke tsakani shi ne damƙin da Alhaji Barau ya ɗiba daga gefen tabarma. Ko warƙa biyar ne, ko ashirin, Allah ne masani.

A nan Shaiɗan ya zo mini da shawara. Lawan boko zai karanta, Hajiya kuma ba ta karanta boko, idonta ma ya yi rauni. In na cike gurbin da kaina, wa zai sani? Na zauna na rubuta shafi ɗaya da rabi a kan mutuwar Gimbiya, na kai wa Ustaz ranar Lahadi da safe, ina cewa ko zai duba.

Ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa kamar yadda yake yi da boko. Ya ajiye.

"Ya Malam Nuhu, wannan huɗubar Juma'a ce. Sarauniyar Fir'auna tana cewa duniya ba wurin zama ba ce, tana kawo misali da mai tafiya da inuwar itace?" Ya cire tabarau. "Ka taɓa binne ɗa?"

Na ce a'a, Alhamdu lillahi.

"Ya nuna. Halas, yaga wannan. Yau bayan la'asar za mu je Sih. Ni zan yi sallama, kai za ka yi magana. In ta ce in kore ka, wallahi zan kore ka, ka sani tun yanzu."

Iyalina suna tare da ni a lokacin, zamanmu a garin kuma a kan wannan aiki yake rataye. Na san abin da kora take nufi. Amma a hanya ba shi ne ya fi damuna ba. Hannunta da ya ƙi sakin tadarishin nake ta gani.

Surukarta ta shigar da mu falo, ta kawo gahawa da dabino. Hajiya tana zaune a kan darduma, carbi a hannu. Na ajiye littafin a gabanta na faɗa mata komai, har da dalilin da ya sa na kai shi ɗakin ajiya. Ban ɓoye shafi ɗaya da rabin da na yaga ba.

Ta bari na gama. Ta ce, "Wato tsoron Allah ne ya hana ka ajiye shi a kabad."

"Haka na ɗauka, Hajiya."

"Amanar da na ba ka kuma, ta wane ne?" Ta dafa littafin. "Matar nan, waɗanda suka gaje ta sun bi bango-bango da kurfi suna kankare fuskarta. Na gani, ina tallar gyaɗa a bakin wurin. Shekaru dubbai ta tsira da abin da ya rage, sai ga Malam Nuhu na Haɗeja da ashana." Ustaz ya sunkuyar da kai. "Ni ban ce ta shiga aljanna ba, ban ce ta shiga wuta ba, wannan ba hurumina ba ne. An ce mu yi tafiya mu dubi ƙarshen waɗanda suka gabace mu. Na duba, na rubuta. To wane wuri ne ya ƙone?"

Na faɗa mata.

Carbin ya tsaya a hannunta. Sai ta tambayi yadda ake ƙonawar, da wanda yake yi, da inda ake kai tokar. Na bayyana mata, har alwalar Alhaji Barau da addu'arsa. Ta ce, "Ku tashi ku tafi." Ko gahawar ba mu sha ba.

Kwana uku ina zuwa ofis ina jiran hukunci. Baba Adamu ya daina haɗa ido da ni, yana ganin laifinsa ne, sai da na zaunar da shi na rantse masa ba nasa ba ne. Ranar Laraba da hantsi waya ta yi ƙara, Ustaz ya ɗauka, ya saurara, ya ajiye.

"Ta ce a kai ta bustan ɗin, lambun Alhaji Barau. Kuma ka zo."

Alhaji Barau ya tarbe mu a bakin lambu. Suka gaisa da Hajiya gaisuwar tsofaffi, mai tsawo, har da tambayar garuruwan da kowannensu ya bari shekara hamsin. Ya kai mu can ƙarshen lambun, gindin wani dabino da ya kewaye da duwatsu don kada a taka. Ƙasar wurin sabuwa ce.

"Nan ne, Hajiya. Ki yi haƙuri, hannuna ne."

Ta sa surukarta ta taimaka mata ta zauna a ƙasa. Muka ja da baya, amma ta yafito ni.

"Malam, zo ka ji abin da ka ƙona." Na durƙusa nesa kaɗan. "Ina da 'ya, Binta. Shekararta huɗu. Kullum tambayata take yaushe za mu isa Madina, domin ubanta ya ce mata akwai dabino har a bakin hanya. Zazzaɓi ya ɗauke ta a wani ƙauye a bakin kogin, wata biyar kafin mu taso. A can muka bar ta." Ta shafa ƙasar da tafin hannu. "Da na zo rubuta mutuwar Gimbiya, sai da na gama na duba, na ga tun daga warƙa ta biyu Binta nake rubutawa. Har ƙarshe. Warƙa goma sha huɗu. Na yi niyyar gyarawa ya fi sau ashirin, in na ɗauko sai in mayar. Ranar da na kawo maka, da ƙyar na saki, don na san za ka gani, Lawan kuma ya ba wata yarinya ta yi wasa da shi a gaban kyamara."

Ta ja carbinta, ta ci gaba.

"Kwana uku ina fushi da kai. Jiya da na idar da walaha sai na ce, Zainabu, ke da kika kasa kawo ta, ga wani wawa ya kawo miki sunanta Madina, an yi masa alwala, an binne shi gindin dabino." Ta juyo ta dube ni, idonta jajir. "Ba don ka iya ba ne. Kada ka je ka ce ka yi abin kirki."

Na ce, "Ba zan ce ba, Hajiya."

"Na yafe maka. Hamza, ka bar shi da aikinsa. Wanda ya taɓa ƙonewa ya fi sanin wuta."

Alhaji Barau ya ɗaga hannu ya yi wa Binta addu'a, muka shafa. Ya sa aka ɗauko mata dabino cikin ƙaramin kwando daga ajiyarsa, ta karɓa ba ta yi musu ba.

Daga ranar Asabar na fara zuwa Sih kullum bayan la'asar, surukarta tana zaune tare da mu. Hajiya ta sake faɗar mutuwar Gimbiya da baki, ni ina rubutawa. Wannan karon Gimbiya ta ce daga farko har ƙarshe, kuma a warƙa huɗu ta gama. Na rubuta yadda ta faɗa, ban ƙara ko wasali ba. Sauran littafin na juya shi boko cikin kwana ashirin da 'yan kai, mutumin Sudan yana bugawa ina dubawa, muka miƙa wa Lawan a goman tsakiya na azumi.

Fim ɗin ba a yi shi ba. Lawan ya karanta, ya zo ofis ya ce abin ya fi ƙarfin Tiga, kuma goggonsa ta ƙi sauka daga kan gemu. Ya tafi da kwafi ɗaya, ya ce wata rana. Hajiya ta riƙe ɗaya, tana sa jikokinta da ke jin Hausa su amsa da Larabci su karanta mata, tana gyara musu baki. Ta rayu shekara shida bayan haka. Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan Alhaji Barau da Baba Adamu, Ya saka wa Ustaz Hamza da alheri, wanda ya hana ni rufe ɓarna da ƙarya a lokacin da ƙaryar ta fi sauƙi.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, mu masu wannan aiki muna ganin takarda ce ake kawo mana, muna auna ta da ido mu ce wannan mai daraja ce, wannan ba komai. Ba mu san abin da mai ita ya sa a ciki ba, wani lokaci shi kansa bai gama sani ba. In aiki ya saɓa wa zuciyarka, ka faɗa wa mai shi a fuskarsa tun bai tashi ba, ya ɗauki abinsa ya nemi wani, wannan babu laifi. Amma in ka miƙa hannu ka karɓa, ya zama amana, ko labarin wane ne a ciki. Ni na karɓa da hannu na ƙi da zuciya, na kira shi tsantseni. Da ba don na faɗo cikin mutanen da suka fi ni haƙuri ba, da yau wani ne yake ba ku wannan labarin, kuma ba da sunana mai kyau ba.